Wa Ya Sace Ƙugiyar Kundinmu?

'Yan'uwa ɗalibai, a makon da wa'adin miƙa kundin digiri ya cika, mun raka wata 'yar ajinmu shagon buga takardu da ke bakin ƙofar makaranta, tana riƙe da filashinta kamar mai riƙe da ƙwai. Wata takwas ta yi tana aiki a kan waƙoƙin gaɗa na 'yan mata. Ta bi ƙauyuka, ta naɗi muryoyi, ta rubuta, malamin da ke duba aikinta ya yi mata gyara har sau huɗu kafin ya sa hannu. Shafi 84 ta bar kundin a kwamfutar yayanta da daddare. Da mai shago ya buɗe shi da safe sai ga shi ya zama shafi 97. Kan babi na uku ya maƙale shi kaɗai a gindin shafi, jadawalin sunayen ƙauyuka ya tsage gida biyu, lambobin ƙunshiya kuwa babu ɗaya da ta dace da shafinta. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya zaunar da ita a kan benci ta dafe kai shi ne, kowace ƙ ta zama q, kowace ɗ ta zama x, kowace ɓ ta zama v. Har taken kundin, wanda yake maganar gaɗa, ya koma "gaxa". Mai shago ya dube ta ya ce, "Hajiya, fayil ɗinki ne ya lalace. In kina so yarana su gyara miki, amma fa shafi-shafi ake biya."

To, mu muna cewa fayil ɗin nan bai lalace ba. Babu aljanin da ya shige shi, babu ƙwayar cutar kwamfuta da ta ci shi. Abin da ya sami wannan baiwar Allah, wanda kuma yake samun ɗimbinmu duk ƙarshen shekara, sakamako ne na wasu ƙa'idoji da aka shimfiɗa mana a ofisoshin sassanmu ba tare da an yi tunani a kansu ba, da kuma wata tsohuwar dabara da aka ƙi bari ta huta bayan ta gama aikinta. Tun da kuwa mu ne muke biyan kuɗin wannan sakaci daga ɗan guzurin da iyayenmu suke aiko mana, muna da haƙƙin mu bi diddigin maganar.

Abu na farko da ya kamata kowa ya gane shi ne, manhajar rubutu ba ta adana shafi. Mu da muka taso da littafin rubutu da biro muna zaton abin da muka gani a allo shi ne yake kwance a cikin fayil, kamar yadda tawada take kwance a takarda. Ba haka ba ne. Abin da yake ciki shi ne kalmomi, sai kuma umurnoni da suke biye da su: wannan kai ne, wannan sakin layi ne, a rubuta shi da zubin haruffa kaza, girma kaza, a bar gefe kaza. Wanda yake shakka ya kwafi wani fayil na .docx, ya canja masa wutsiya zuwa .zip, ya buɗe ya gani: ƙunshi ne na ƙananan fayiloli, ɗaya na kalmomi, ɗaya na salo, hotuna kuma a nasu wurin. Duk lokacin da aka buɗe kundi, manhajar da ta buɗe shi ce take sake auna faɗin kowane harafi, ta yanke inda layi zai ƙare, ta yanke inda shafi zai ƙare. Watau kamar a ba teloli biyu awo ɗaya ne da yadi ɗaya. Riga za ta fito, amma ba lallai aljihu ya zauna wuri ɗaya ba. Idan kwamfutar da aka buɗe fayil a cikinta ba ta da zubin haruffan da aka yi rubutun da shi, ba za ta yi shawara da kowa ba, sai ta ɗauko wani ta maye gurbinsa. Harafin da ya fi na asali faɗi da ɗan ƙiris, in aka tara shi a layi dubu biyu, ai ya isa ya haifi shafi goma sha uku. Haka kuma in aka tsara rubutu a kan takardar Amurka, wadda ta fi tamu gajarta, ta kuma ɗan fi ta faɗi, sa'an nan aka zo bugawa a kan A4 mai milimita 210 da 297, dole ne tsari ya goce.

Wannan ya bayyana ƙaruwar shafuka. Maganar ƙugiya kuwa tata daban ce, kuma ita ta fi ci mana rai, domin ita ta shafi harshenmu kai tsaye.

A lokacin da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshinmu da maɗaba'unmu, babu hanya mai sauƙi ta buga ɓ da ɗ da ƙ. Sai wasu masu kishin harshe suka yi dabara. Suka lura Hausa ba ta amfani da q da x da v, suka zana zubin haruffa na musamman wanda in ka danna q zai nuna maka hoton ƙ, in ka danna x ya nuna ɗ, in ka danna v ya nuna ɓ. Wasu kuma suka ɗora su a kan alamomin baka, shi ya sa har yanzu mukan ci karo da rubutun da ƙasa ta zama "}asa", ɗaya ta zama "]aya". Ba mu raina waɗannan mutane ba, Allah ya saka musu da alheri. Da dabararsu aka buga littattafai da jaridu da kundaye masu yawa a lokacin da babu wata mafita. Amma a san cewa rufe fuska ce kawai. A cikin fayil q tana nan q ɗinta, riga aka sa mata. Ranar da fayil ya isa kwamfutar da ba ta da wannan riga, sai q ta fito tsirara, kamar yadda ta fito wa 'yar'uwarmu a gaban jama'a.

Dabarar tana kuma yin ɓarna ta ɗaya gefen. Ku je ɗakin karatu ku buɗe kundayen da suka gabace mu, ku duba shafukan farko waɗanda ake yi wa lambar Rumawa. Za ku tarar da shafi na huɗu an rubuta masa "iɓ", na tara "iɗ", na goma kuwa "ɗ" ita kaɗai. Ku juya zuwa manazarta, za ku ga littattafan da aka buga a "Oɗford". Mun yi dariya ranar da muka fara gani. Dariyar ta ragu da muka tuna cewa waɗannan su ne kundayen da sassan nazarin harshe suka duba, suka sa musu hannu, suka ajiye a matsayin abin koyi.

Alhali kuwa an daɗe da kashe wannan matsala. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta dindindin, ya ba haruffanmu nasu gurbin. Ƙaramar ƙ lambarta U+0199, babbar U+0198, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y tana da tata. Harafin da aka buga da lambarsa ta gaskiya ba ya sauyawa ko an kai shi Word, ko LibreOffice, ko Google Docs, ko an aika shi ta waya. Mafi munin abin da zai same shi shi ne ya fito da ɗan bambancin zubi, ko ya fito kamar ɗan akwati in zubin haruffan ba shi da shi, kuma da zarar an canja zubi sai ya dawo. Wayar da take aljihun kowannenmu tana iya buga su. Gboard yana da Hausa. Windows yana da allon madannai na Hausa. Akwai zubin haruffa na kyauta da suka ƙunshi ƙugiyoyinmu duka, irin su Charis SIL da Doulos SIL da Andika da Noto. Ga masu rubutun ajami ma akwai Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano. Shekara talatin ke nan da 'yan kai ƙofa tana buɗe. Me ya sa har yau ake samun sashen da zai miƙa wa ɗalibi tsohon zubin q da x a filashi, ya ce da shi za a buga kundi, in ba haka ba ba a karɓa?

Wani zai ce, to mene ne abin tada jijiyar wuya, ai mai karatu yana ganewa ko babu ƙugiya. Wannan ita ce maganar da muka fi ƙi. Mai wannan magana ya gaya mana, in ya ga an rubuta "an yi fada", a fadar sarki ake nufi ko faɗa aka yi? Kura ce ta tashi ko ƙura? Baki ne ya yi yawa ko baƙi? Kundin 'yar ajinmu a kan gaɗa yake, ba a kan gadar daji ba, ba kuma a kan gadar da mota take bi ba. Waɗanda suka daidaita mana rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da ake aikin fassara da talifi a Zariya, waɗanda daga hannunsu Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, sun san abin da ya sa suka lanƙwasa waɗannan haruffa. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk a kan daidaita yadda za a rubuta harshen nan. A zamanin da ake jera haruffan ƙarfe da hannu an iya ƙera ƙ. Ashe sai a zamaninmu, da na'ura a aljihu, za mu ce ƙugiya ta fi ƙarfinmu? Wane Bafaranshe ne zai yarda jami'arsa ta karɓi kundi an zubar da alamomin da suke kan wasulansa, a ce masa ai ana ganewa?

Kuma kada wani ya ce ai an mayar da kundin PDF, ƙugiya ta fito daidai, magana ta ƙare. Ta fito daidai ga ido kawai, domin PDF yakan ɗauki zubin haruffan ya tafi da shi. Amma ɗalibin da zai zo bayan shekara biyar yana neman abin da aka rubuta a kan gaɗa, ya buga kalmar a ma'ajiyar kundaye ta intanet, ba zai sami aikin 'yar'uwarmu ba, domin a wurin na'ura "gaxa" ta rubuta. Makahon da yake sauraron rubutu ta manhajar da take karanta masa, shirme zai ji. Haka muke binne binciken da muka sha wahalarsa da hannunmu, sa'an nan mu dawo muna kukan wai ba a rubuta komai da Hausa ba.

Yanzu bari mu zo kan ƙa'idar nan da ake mannawa a allon sanarwa duk shekara: a kawo kundi bugagge, a kuma haɗo da fayil "na Word". Wanda ya rubuta wannan sanarwa, muna kyautata masa zato, bai san cewa ya yi wa wani kamfani na Amurka talla da hatimin jami'a ba. Word haja ce ta sayarwa. Ba za mu tambayi kowa a nan yadda ya sami wanda yake kan kwamfutarsa ba, mu ma kada a tambaye mu. Amma jami'ar da take koya mana cewa satar fasaha laifi ne, wadda take tace kundayenmu don ta kama wanda ya kwafi aikin wani, bai kamata ita ce kuma za ta tura ɗan talaka inda dole ya zaɓi tsakanin biyan kuɗin da ba shi da su da amfani da manhajar da aka fasa ba. Da yawanmu ma ba mu da kwamfutar. A waya ake buga babi guda, da WPS Office ko Google Docs, a ɗakin kwana, ana duban sauran cajin batir ana duban fitila ko za a kawo wuta. Daga waya fayil ya tafi kwamfutar aboki, daga can ya tafi wurin malami, ya dawo da gyara, ya tafi shago. Hannu huɗu, manhaja uku ko huɗu, kowace tana buɗewa tana fassara umurnonin da fahimtarta, tana adanawa da nata karin harshe. Wace riga ce za ta bi ta hannun teloli huɗu ta dawo yadda take?

Ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan ƙorafi ba, kuma waɗanda suka yi shi kafin mu ba ɗalibai ba ne, gwamnatoci ne. Akwai tsarin fayil buɗaɗɗe, wanda ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, ana kiransa OpenDocument, wutsiyarsa .odt, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta amince da shi a 2006. Microsoft ta fito da nata, watau .docx da ya zo da Word na 2007, ta kai shi gaban wannan hukuma da bayani mai shafi wajen dubu shida, aka amince da shi a 2008 bayan takaddama mai zafi, har ƙasashen Afirka ta Kudu da Brazil da Indiya da Benezuwela suka ɗaukaka ƙara. Tsarin da aka amince da shi ma kashi biyu ne, akwai tsantsa, akwai na wucin gadi wanda yake ɗauke da tarkacen tsofaffin Word, kuma na wucin gadin shi ne wanda Word yake adanawa da shi in ba ka ce masa komai ba. Wannan tarkace yana daga cikin abin da yake wahalar da sauran manhajoji. A 2014 gwamnatin Birtaniya ta zaɓi OpenDocument a matsayin tsarin da za ta riƙa musayar takardun da ake gyarawa da shi. Birtaniya ke nan, wadda ba ta rasa kuɗin sayen Word ba. Shi kansa Word ɗin tun 2009 yana iya buɗe .odt. Saboda haka malamin da ya ce ba zai iya buɗe fayil ɗin ɗalibi ba don an yi shi da LibreOffice, wanda kyauta ne, kowa yana iya saukewa, bai gwada ba ne.

Kada a ɗauka muna cewa LibreOffice waliyyi ne. Mun gwada, mun gani. Akwatunan rubutu da hotunan da aka bari suna yawo a tsakiyar shafi da lissafin da aka tsara da kayan Word sukan goce in aka ƙetara da su, ta kowace fuska. Babu manhajar da take fassara 'yar'uwarta ba tare da ta zubar da wani abu ba. Ainihin abin da muke faɗa ke nan: tun da an san haka, me ya sa aka gina ƙa'idar miƙa kundi a kan fayil ɗin da yake sauya kama duk inda ya kwana?

Sai dai fa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Mu ne muke kai kan babi tsakiyar shafi ta hanyar danna madannin tazara sau ashirin. Mu ne in muna son sabon babi ya fara a sabon shafi muke ta danna madannin sauka layi har sai ya gangara, alhali akwai umurni guda na yanke shafi wanda ba ya gocewa ko a wace manhaja. Mu ne muke rubuta ƙunshiya da hannu, muna jera ɗigo-ɗigo har zuwa lambar shafi, sa'an nan mu yi mamaki in lambobin sun ƙi dacewa. Kowace manhajar rubutu tana da abin da ake kira salo: ka gaya mata wannan layin kan babi ne, wancan ƙaramin kai ne, wannan gundarin rubutu ne. Wanda ya yi haka, manhaja za ta haɗa masa ƙunshiya da kanta, ta gyara lambobin duk sa'ad da aka umurce ta bayan shafi ya motsa, kuma salo yana daga cikin abubuwan da suka fi jure ƙetarawa daga wannan manhaja zuwa waccan. Mafi muni a cikinmu shi ne wanda ya ɓatar da fayil na asali, ya kai PDF shago ya ce a mayar masa da shi Word. PDF ya san inda kowane harafi yake tsaye a shafi, amma sau da yawa bai san inda sakin layi ya fara ko ya ƙare ba. Abin da zai dawo maka gawa ce da aka yi wa kwalliya. Amma ko a nan tambaya tana komawa sama. An sa mu mun yi kwas na dole a kan kwamfuta, mun haddace zuriyoyinta tun daga mai cika ɗaki, mun zana hoton linzami a takardar jarrabawa. Awa nawa aka ware aka zaunar da mu gaban allo aka nuna mana yadda ake yanke shafi?

Ga abin da muka koya da kuɗinmu, muna ba da shi kyauta ga 'yan aji uku da suke tafe. Ka zaɓi manhaja ɗaya ka zauna a cikinta, ka riƙe fayil ɗaya a matsayin uwa, duk abin da za ka ba wani kwafi ne. Ka sa takarda a kan A4 tun ranar farko. In an ce sai Times New Roman kuma ba ka da shi, Liberation Serif faɗin haruffansa ɗaya ne da nasa, kamar yadda Carlito yake daidai da Calibri, don haka layi ba zai goce ba. Kada ka kai wa mai shago fayil ɗin da zai iya gyarawa. Ka fitar da PDF a kwamfutar da ka yi aikin, ka duba shi shafi-shafi, shi za ka kai. In kuwa ka riga ka faɗa ramin q da x da v, kada ka biya kowa ya sake buga maka. Ka yi amfani da umurnin nema da musanyawa, ka kunna bambanta babban baƙi da ƙarami, ka bi su shida ɗaya bayan ɗaya, amma ka ware manazarta da duk inda ka kawo maganar Turanci tukuna, in ba haka ba kai ma za ka buga littafi a Oɗford.

Wannan duk magani ne na ɗaiɗaiku, alhali cutar ta gari ce. Shi ya sa muke kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, waɗanda muka zaɓa da ƙuri'unmu, su ɗauki maganar nan zuwa gaban hukumar jami'a a rubuce. A soke tsohon zubin haruffa daga ƙa'idar kowane sashe, a rubuta ƙarara cewa Hausa da Unicode ake buga ta. A daina cewa "na Word"; a karɓi .odt da .docx a lokacin gyara, kundin ƙarshe kuma a karɓe shi a PDF/A, wanda aka tsara tun 2005 musamman don ajiya mai tsawo, domin yana tilasta a cusa zubin haruffa a cikin fayil ɗin. Kowane sashe ya fitar da samfurin kundi guda, wanda aka riga aka saita masa gefe da salo da lambobin Rumawa, ya ba ɗalibai kyauta. Aikin yini ɗaya ne ga malami guda da ya san abin, kuma muna da su. In hukuma ta ce ba ta da mai yi, ƙungiya ta ba mu ɗaki da wuta ranar Asabar, akwai 'yan sashen kwamfuta da suka ce za su zo.

Ita dai 'yar ajinmu ba ta biya mai shago ba. Mun koma ɗakin kwana da filashin, muka ari kwamfuta, muka musanya haruffan nan shida, muka dawo da sunayen Turawan da suke cikin manazarta da hannu. Kafin la'asar ta miƙa kundin, shafi 85. Sai dai fayil ɗin da sakataren sashe ya karɓa ya zuba a kwamfutar ofis, ya buɗe shi a gabanmu, ya duba, ya ce ba da zubin haruffan sashe aka buga shi ba, a je a mayar.